Shaidar da Tanna Ta Ƙi Karɓa

Makon jiya muka binne Tanna, matar yayana Lourens. Coci ya cika har bakin ƙofa, mutane sun zo daga kowane ƙauye na tsibirin nan. Da aka dawo daga makabarta aka zauna shan gahawa, kowa sai yabon tsoron Allahnta yake. Wata ta ce ba ta taɓa ganin mai binciken zuciyarta kamar Tanna ba. Ni dai na ci burodina, don ba wurin magana ba ne. Amma ita da bakinta ta ce mini, "Krina, idan na mutu kada ki bari su wanke ni da yawa. Ke dai Allah bai yi ki da rufa asiri ba, to ki yi amfani da halinki." To ga shi zan yi.

'Yar mai gyaran takalma ce daga ƙauyen da ke can ƙarshen ganuwar da ke tare ruwan teku. Doguwa, siririya, ba ta da yawan magana, kuma tun tana budurwa take sa baƙaƙen kaya. Yadda aka yi ta auri Lourens har yau ban gane ba, don yayana mutum ne mai barkwanci. Yana noman albasa da dankali, yana fito a gona, yana zolayar kowa har kajin gida. Ranar Lahadi kaɗai yake kama bakinsa, shi ma da ƙyar. Amma ya so ta, so irin wanda har haushi yake ba ni. In Tanna ta ce za a yi ruwa, ko rana na ƙwalla sai ya kwashe shanya.

Bayan auren ta shiga abin da tsofaffinmu ke kira duhu. Ta yi shekaru tana ganin kanta halakakkiya. Ta rame, ta daina dariya, ta haifi 'ya'yanta biyu maza cikin kuka. Sai wata rana aka ce Allah ya buɗe mata, ta je ta faɗa wa tsofaffin da suka riga ta, suka karɓa. Haka muke yi. In mutum yana ganin Allah ya yi aiki a zuciyarsa, sai ya sami wanda ya san hanyar ya ba shi labari. In an karɓa, a kama hannunka, a yi hawaye tare. In ba a karɓa ba, babu mai ce maka ƙarya kake, mu ba mu da wannan rashin kunyar. Shiru za a yi, sannan a tambaye ka ya dankalin bana. Kai ma ka gane, ka ɗauki hularka.

Sau huɗu a shekara ake shimfiɗa teburin Ubangiji a cocinmu, wato Jibi, inda ake cin gurasa mai tsarki, kuma cikin ɗaruruwan da ke zaune da wuya mutum ashirin su tashi. Sauranmu muna benci muna kallo, don gara ka zauna da ka ci gurasar da ba taka ba. Ni ban taɓa tashi ba, kuma ba wanda ya taɓa mamakin haka. Tanna kuwa tun tana 'yar shekara talatin take tashi. Lourens ne ke zama a bakin benci, sai ya karkatar da gwiwoyinsa ta wuce, in ta dawo ya sake karkatarwa. Da haka suka tsufa.

Makon da ke gaban Jibin shi ne makon shiri, kuma a nan aka san Tanna. Ba ta saƙa, ba ta zuwa kanti sai dole, ba ta sa man shanu a burodi. Kullum bayan abincin rana sai ta hau ɗakin sama inda suke shanya tuffa, ta durƙusa a kan buhu, ta roƙi Allah ya haska mata cikinta, ya nuna mata zunubin da ita kanta ba ta gani. Da ƙarfi take roƙo, duk wanda ke kicin yana ji. Kuma kullum tana samo wani abu. Wani karo ta ce ta ji daɗin sabon labulenta fiye da kima. Wani karo ta ce ta yi wa maƙwabciya murmushi alhali zuciyarta ba ta murmushi.

"Labule?" na ce mata. "Tanna, in labule ne zunubinki, ni ina zan sa kaina?"

"Ba abin wasa ba ne, Krina."

"Ai ban ce wasa ba ne. Cewa na yi ki ara mini naki in ba ki nawa, ko mako guda ne, ki ji yadda nauyi yake."

Ba ta yi dariya ba. Lourens ne ya yi, har ya ƙware da gahawa.

Da shekaru suka ja, ita ta zama wadda ake zuwa wurinta. Mata da 'yan mata, har wasu maza, su zo su zauna a kicin ɗinta su faɗi abin da ke ransu. Ta kasa kunne, hannu a kan cinya. Kaɗan ta karɓa. Mutane suka ce tana da tsantseni, ba ta shafa wa kowa zuma a baki, kuma wanda Tanna ta karɓa ko dattawan coci ba sa ja.

Shekarar da Lourens ya haura saba'in, tari ya kama shi da damina, ya ƙi tafiya. Lokacin cire albasa likita ya ce ciwon daji ne a huhu, kuma ba zai ga sabuwar shekara ba. Aka sauko da gadonsa falo, kusa da taga, don ya riƙa ganin gona. Jibin watan Satumba na tafe, kowa ya san shi ne na ƙarshe da ƙafarsa za ta iya kai shi coci, kuma a wurinmu ba a kai wa mutum gurasar har gida. Ni abin da ya hana ni sukuni ke nan. Yayana zai mutu bai taɓa zama a teburin nan ba, bai taɓa cewa yana da bege ba, kuma ranar binne shi fasto ba zai ce komai a kansa ba sai gargaɗi ga masu rai.

Ran Laraba ta makon shirin ina gidansu ina feraye dankali, sai Mina ta shigo, matar mai gidan burodi, yarinya ce mai 'ya'ya ƙanana biyu. Ta gaishe da Lourens daga bakin ƙofar falo, ta zauna gaban Tanna tana murza bakin rigarta. Na so in fita, ta ce in zauna, in ta tsaya jiran ɗaki ya zama babu kowa ba za ta taɓa faɗa ba.

Labarinta gajere ne. Ta ce tana wanke kwanuka ne, ba ta ma addu'a, sai ta ji a ranta an gafarta mata, haka kawai, kuma tun ranar farin ciki ya ƙi barinta. Ta ce ta san ba haka ake faɗa ba, ta san ba ta yi duhu ba, amma ba ta san yadda za ta yi da shi ba.

Tanna ta dube ta, ta dubi tebur. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki butar gahawa.

"In ƙara miki? Ya ƙaramin, haƙoran sun fito?"

Fuskar yarinyar ta yi ja har wuya. Ta ce sun fito, ta gode, ta miƙe tana neman jakarta. Ni kuwa na danna wuƙa cikin dankali har ta ɓulla. Tana shirin fita sai Lourens ya kira ta daga falo. Ƙofar a buɗe take, ashe duk ya ji.

"Mina, zo nan, 'yata. Kada ki ji zafinta."

Ta tsaya a gefen gadon. Muryarsa ta dushe amma muna ji sarai.

"Ni ma na taɓa zuwa mata da irin naki. Ke ko haihuwarki ba a yi ba. Daga gona na shigo da gudu kamar yaro, ina ganin sama ta buɗe mini. Ta saurara har na gama, ta ce in cire takalmina, gahawa za ta huce. Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma da ba don ita ba, da na tashi na je tebur na ci wa kaina hukunci. Ta cece ni daga yaudarar kaina. Wata rana ke ma za ki gode mata."

Da gaske yake. Babu gatse, babu habaici, ni da na san bakinsa tun ina goye na tabbata. Godiya yake yi wa matarsa.

Mina ta fita. Na juya na dubi Tanna, tana tsaye da butar a hannu, gahawa na zuba a kan mayafin tebur ba ta sani ba. Na karɓe butar. Ni ban taɓa jin wannan labari ba, shekara talatin da wani abu yayana yana riƙe da shi bai gaya wa kowa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ga in na buɗe baki ba zan iya rufewa ba, sai na ɗauki kekena na tafi gida.

Washegari da hantsi na dawo, don an bar mini wanki. Lourens na barci. Tanna ba ta kicin, kuma ba a jin muryarta daga sama. Na hau. Tana zaune a ƙasa tsakanin tuffa, ta jingina da bango, ba hula a kanta. Tun da na san ta ban taɓa ganin gashinta a tsefe ba sai ranar.

"Yau ba a roƙo?" na ce, don har lokacin ina fushi.

"An amsa."

Na zauna a kan akwati na jira.

"Shekara nawa ina hawa nan ina cewa ya nuna mini," ta ce. "Ina ganin kamar zai nuna mini abu ne a can ƙasa, wanda sai an tona. Ashe yana kwance a falona."

"Me ya sa kika yi masa haka?"

Ta sunkuyar da kai. Da ta fara, ba ta ɗaga kai ba.

"Ni na yi shekaru ina kuka, Krina. Kin gani da idonki. Ban ci abinci da daɗi ba, ban ji daɗin 'ya'yana suna jarirai ba. Shi kuma yana fito, yana barci kamar gungume. Sai ga shi ya shigo da taɓo a ƙafa yana dariya, wai an ba shi. A gonar albasa. A banza. Na ji wani abu ya tokare ni a nan." Ta taɓa ƙirjinta. "Ƙyashi ne. A gidan nan shi ke da gona, shi ke da abokai, shi yara ke gudu su tara. Ni abu ɗaya ne nawa, ni ke tashi in ana Jibi. Ban so mu zama biyu ba."

"Kuma duk shekarun nan ba ki tuna ba?"

"Ina tunawa. Duk makon shiri yana zuwa mini. Sai in ce masa tsantseni, in ajiye shi gefe, in ci gaba da neman zunubi." Ta yi wata 'yar dariya mara daɗin ji. "In samo labule."

Na zo da maganganu cike da baki, na tsara su tun a hanya. Ban faɗi ko ɗaya ba. Kunyarta ta cika ɗakin har ni ma na kasa kallonta, na koma kallon tuffa. Kuma kunyar ba tata kaɗai ba ce, don mu duka muka ɗaure mata gindi. Mu muka mayar da shirunta hukunci, muna yabo muna cewa ba ta da wasa.

"To sai ki sauka ki gaya masa," na ce. "Lahadi na nan tafe."

"Zan gaya masa. Amma ki zauna. A ɓoye na yi, ba zan gyara a ɓoye ba."

Ta ɗaure gashinta muka sauko. Lourens ya farka, yana kallon ma'aikatan da 'ya'yansa suka ɗauko suna loda albasa a mota, yana ƙorafin suna jifa da buhu. Tanna ta ja kujera kusa da gadon. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Lourens, na yi maka laifi."

"Ke? Kin ƙona miya ne?"

"Ka bari in gama. Ranar da ka shigo daga gona, ban auna maganarka ba. Ƙyashi na yi. Ban so a ba ka abin da ni na sha wahala kafin in samu. Ba tsantseni ba ne, mugunta ce. Ka yafe mini."

Ya dube ta kamar ta yi wani yare. Sannan ya lalubo hannunta.

"Haba, Tanna. Makon shiri ne, kullum haka kike, sai kin samo abin da za ki doki kanki da shi. Na yafe, in akwai abin yafewa. Amma ko da ƙyashin kika yi, Allah ya yi aiki da shi. Ina ni ina wannan? Kin san ni fa."

"Ka sake faɗa mini. Yanzu zan saurara."

Ya motsa leɓe. Ya dubi rufi, ya dubi taga.

"Ba na tunawa," ya ce.

"Ka yi ƙoƙari."

"Na san na shigo da gudu. Na san na ji daɗi. Amma abin da na ji ɗin, babu." Ya yi tari, na miƙa masa ruwa. "Kin ga, ba ke kaɗai ke yin makon shiri ba. Ni nawa a rumbu nake yi, ba na ɗaga murya. Abin nan ya yi ta dawo mini, shekara da shekaru, ina kan keke, ina cikin gona. Duk ya zo sai in ce, Ubangiji, ga girman kan nan ya dawo, ka tumɓuke shi. Na daɗe ina roƙo kafin ya ji ni. Amma ya ji."

Na kama ƙofa. Tanna ta yi fari fat, amma ba ta yi kuka ba. Ta matso da kujerar har gwiwarta ta taɓa gadon.

"To ni ina tunawa," ta ce.

Ta faɗa masa. Ashe babu kalmar da ta faɗi ƙasa. Ta ce ya ce yana durƙushe yana yanke kan albasa a layin da ke kusa da ganuwa, ba addu'a yake ba, tunanin tayar amalanke da ta fashe yake. Sai ya ji kamar an kira shi da sunan da innarmu ke kiransa, aka ce an sauke maka kayan, duka, ba sauran ko ƙulli. Ya ce ya waiga bai ga kowa ba sai tsuntsayen teku. Ya fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ya goge ido da hannun albasa abin ya ƙaru. Ya ce da fari bai san ko albasa ce ko Allah ba, sai da ya wanke fuska a rafi ya ga kukan bai tsaya ba. Har yadda yake haɗiye kalmomi in yana sauri ta kwaikwaya, ba don wasa ba, haka abin ya zauna a kanta.

Lourens ya saurara da ido rufe. Da ta gama ya yi murmushi.

"Kai, mutumin nan ya dace," ya ce.

"Kai ne, Lourens."

"Na ji kin ce." Ya shafa bayan hannunta. "Na yarda ba ki ƙarya. Amma ba zan tashi da ƙafar wani ba, Tanna. Ke kika koya mini, mutum ba ya zuwa tebur da labarin da aka ba shi."

Ta roƙe shi ranar, ta roƙe shi Jumma'a. Ni ma na sa baki, na yi faɗa, na ce masa taurin kai ne irin na ubanmu. Ya ce to ai gado ne, ni ma na samu rabona. Fasto ya zo ya zauna da shi, ya fito yana girgiza kai. Yayana ya saba yarda da maganar Tanna a kan komai, amma maganar da ya fi yarda da ita ita ce ta farko.

Ran Asabar ta hau keke ta tafi gidan burodi. Mina ta gaya mini daga baya cewa a cikin kanti ta same ta, da masu saye a tsaye, ta ce, "Na yi miki shiru ran Laraba, kuma ba don labarinki ba shi da kyau ba ne. Ni ce ba ni da kyau." Ta kama hannunta a gaban kowa. Kafin yamma duk ƙauye ya ji.

Lahadi babban ɗansu ya kai mu da mota. Lourens ya sa baƙar rigarsa da ta yi masa yawa yanzu, ya shiga da sanda, ya ƙi a riƙe shi. Aka yi wa'azi, aka yaye farin mayafi daga kan tebur, fasto ya yi kira. Tsofaffin da suka saba tashi suka tashi. Mina ta tashi daga bencin baya, ana jin ƙarar takalminta har gaba. Tanna ba ta motsa ba. Kawuna suka fara juyowa, a cocin da ko tari ake jin kunyar yi.

"Tashi mana," Lourens ya raɗa mata. Ina gefenta, ina ji.

"Ba zan tafi in bar ka ba."

"Ai kullum kina tafiya."

"Shi ya sa."

Aka sallami zama na farko, aka kira na biyu. A kira na ƙarshe fasto ya daɗe yana jira fiye da yadda ya saba, idonsa a bencinmu, bai ko ɓoye ba. Tanna ta ɗora hannunta a kan hannun Lourens da ke bisa sanda. Na ga yatsunsa sun matse sandar, na ga ya ɗan sunkuyo gaba. Sai ya koma ya jingina. Fasto ya zauna, ya kakkarya gurasa. A mota abin da Lourens ya ce kawai shi ne Allah ya sa yarinyar nan ba ta yaudari kanta ba.

Ya rasu a ƙarshen Nuwamba, da rana, ana yayyafi. Bai sha wahala sosai ba. Har ƙarshe yana zolayar mai jinya, kuma har ƙarshe in aka tambaye shi yaya ransa, sai ya ce Allah mai adalci ne a duk abin da zai yi da shi. Tanna ta yi shekara shida a bayansa. Ta daɗe ba ta koma tebur ba, da ta koma kuma a can ƙarshe take zama. Ba ta ƙara yarda a zo kicin ɗinta a auna labari ba, duk wanda ya zo sai ta ce ya faɗa ta ji, amma ita ba sikeli ba ce.

Ranar binne Lourens fasto ya yi abin da na zata, ya yi wa masu rai gargaɗi, bai ce komai a kan mamaci ba. Ba laifinsa ba ne, ba a ba shi abin faɗa ba. Aka dawo ɗakin taro na coci, aka kawo gahawa da burodi da cuku. Dattijo Dingenis, wanda ya fi kowa tsufa cikin dattawan coci, ya zo ya zauna gaban Tanna. Ya yi tambayar da ake yi wa kowace gwauruwa, a hankali, don ya san amsar da yake tsammani.

"'Yar'uwa, ya bar wata shaida?"

Mutanen teburin suka sunkuyar da kai don su rage mata nauyi. Tanna ta ajiye kofinta.

"Ya bari. Shekara talatin da wani abu ke nan. A hannuna ya sa, na zubar."

'Ya'yanta suka dube ta, matansu suka dubi juna. Ta miƙe tsaye, ko da yake mata ba sa tsayawa magana a irin wannan wuri, ta faɗi labarin tun daga tayar amalanke har zuwa wanke fuska a rafi. Ta faɗi abin da ta amsa masa, ta faɗi dalili, ba ta rage wa kanta komai ba. Muryarta ba ta yi rawa ba, amma kunnuwanta sun yi ja, idonta a kan tebur. Ni na so ƙasa ta tsage in shige, ba don ta kunyata mu ba, don na ga fuskokin mutane da yawa a ɗakin, waɗanda aka taɓa tambayarsu ya dankalin bana.

Dingenis ya cire tabarau, ya goge ido da babban yatsa.

"Na saurari mutane da yawa a rayuwata," ya ce. "Wannan kam na gaske ne. Da ni ya zo wa, da na karɓa."

"Na sani," Tanna ta ce. "Tun yana tsaye a kicin yana faɗa na sani."

Ta zauna. Ba wanda ya taɓa kofinsa.